Tsutsar Tsamiya da Baƙon Tsuntsu: Amana Biyu a Hannun Manomin Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tasawa ta nufi Mayahi a ƙarshen watan Oktoba, sa'ad da aka gama yankan gero, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, iska kuma ta juya ta fara busowa daga gabas, zai ga abin da idonsa ya saba da shi har ya daina mamakinsa: sauran itatuwa suna shirin kaɗe ganye, gawo kuwa, wanda ya yi dukan damina tsirara kamar busasshe, yana tofo ɗanye shar, yana fitar da fure mai ƙanshi. In mai tafiya ya sauka ya zauna a gindinsa, ya yi shiru gwargwadon shan hura, ba zai rasa ganin wani ɗan tsuntsu ba, wanda bai kai tsada biyu girma ba, yana ratsa ƙaya yana tsince tsutsa daga bayan ganye. Wannan ɗan tsuntsu baƙo ne, makonni kaɗan da suka wuce yana wata ƙasa da ke bayan hamada da bahar. A kansa nake so in yi magana, shi da wata halitta da ba ta taɓa barin gindin itacen da aka haife ta ba, watau tsutsar tsamiya, domin na lura cewa, duk da nisan da ke tsakanin ɗabi'unsu, rayuwarsu duka biyu tana rataye ne a bakin gatarin manomi guda.

Mai saƙa a jikin itace

Bari mu fara da ƴar gida. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana da wata babbar riga da ba ta fita daga adaka sai ranar salla ko ɗaurin aure, ɗinkinta aska takwas, an cika aljihunta da aiki tun daga wuya har ƙasa. Abin da na fi tunawa game da ita shi ne zaren aikin. Ba shi da ƙyalli irin na alharini, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa, in ka shafa shi sai ka ji ɗan kaushi, amma da shekaru suka tura, saƙin rigar ya fara saki a kafaɗa, aikin yana nan daram ko sili ɗaya bai tsinke ba. Wannan zare shi ake kira tsamiya, kuma yara da yawa a yau suna jin sunan suna zaton daga ƴaƴan itacen ake samunsa, alhali kuwa wata tsutsa ce mai gashi, irin gizaka, take saƙa shi da yawun bakinta.

Uwar wannan tsutsa malam-buɗe-littafi ce ta dare, mai fukafukai farare da zanen ruwan ƙasa, daga dangin da masana suke kira Anaphe, har ma akwai ɗaya daga cikinsu da aka raɗa wa sunan Alfred Moloney, wanda ya yi gwamnan Ikko a zamanin Turawa. Idan damina ta sauka, uwar takan jera ƙwanta a bayan ganye, ta rayu kwanaki ƙalilan, ta mutu. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe ba sa rabuwa da juna: tare suke kiwo, tare suke hutawa, in kuwa za su sauya reshe sai su yi sahu ɗaya, kan wannan a wutsiyar waccan, kamar ayarin raƙuman Azbinawa. Bayan sun ƙoshi sun cika girma, sai jama'arsu duka, ɗaruruwa, su taru a jikin itace ko a cikin kogonsa su saƙa gida ɗaya, kowace ta naɗe kanta a ɗakinta a ciki, su yi dukan rani a kwance, har ruwan wata shekara ya tashe su da fukafukai.

Wannan gida shi mutanen da suke ɓamɓarowa, su dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya saki, gashin ƙaiƙayin ya fita, sa'an nan a wanke a shanya, mata su zauna da mazari da alli da taskira su kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa auduga. Masu sana'a suna bambanta iri da iri bisa ga itacen da tsutsar ta ci: akwai tsamiyar doka, wadda fatake suke kawowa daga dazuzzukan kudu, wajen Zazzau da Bauci, akwai kuma tsamiyar tsamiya, wadda ta fi haske, aka fi so don aikin rigar sarauta. Yarabawa suna kiran nasu sanyan, suna ajiye shi don manyan bukukuwa. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, alharinin da ake ɗinki da shi ta Tarabulus yake shigowa a kan raƙuma, a saye shi da tsada. Tsamiya kuwa tamu ce, Allah ya ajiye mana ita a bayan gari.

Mai ƙetare hamada

Baƙon kuwa, Turawan Ingila suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce mai farin maƙogwaro, masana sun daɗe suna rubuta shi Sylvia communis. Namijin kansa toka-toka, fukafukansa ja-ja kamar tsatsa, maƙogwaronsa fari fat, nauyinsa duka wajen giram 15 ne. Na taɓa zama da hantsi a gefen wata gona a kwarin Gulbin Kaba, inda goruba ta yi yawa, ina kallon ɗaya a cikin aduwa. Ba ya zama wuri guda: ya leƙa nan, ya ɗaga wutsiya, ya kumbura farin wuyansa, ya yi wata ƴar tsawa mai kaushi, ya nutse cikin ƙaya ya fito da koriyar tsutsa a baki. A ƙasarmu ba ya yawan waƙa, sai dab da tafiyarsa, wajen Maris da Afirilu, ake jin yana gwada murya ƙasa-ƙasa. Waƙarsa sosai a can Turai yake yinta, a kan shingayen gonaki, inda yake sheƙa ya yi ƴaƴa.

Daga Ingila zuwa jihar Maraɗi ya fi kilomita 4,000, a tsakani akwai Bahar Rum, akwai ragar masu tarko a gaɓar Masar da tsibirin Kubrus ga waɗanda suka bi ta gabas, sa'an nan ga Sahara wadda ba ruwa ba abinci. Da dare yake tafiya, da rana ya laɓe a inuwar dutse ko ƴar ciyawa, guzurinsa kuwa ba komai ba ne sai kitsen da ya tara a jikinsa. Masana da suka yi aiki a Malam Fatori, bakin tafkin Cadi, a ƙarshen shekarun 1960, sun ga yadda waɗannan tsuntsaye suke cika cikinsu da ƴaƴan itacen asuwaki kafin su tashi arewa, har nauyinsu ya ƙaru ƙwarai a cikin makonni kaɗan. Wanda bai sami abin da zai tara kitse a ƙasarmu ba, a cikin rairayi zai faɗi, ba mai gani.

Haka kuwa ta faru. A Ingila akwai wata ƙungiya ta masu sa ido kan tsuntsaye wadda ta fara ƙidaya shekara-shekara tun 1962. Da bazarar 1969 ta zo, sai suka tarar shingayen sun yi tsit, kimanin kashi 70 cikin 100 na masu farin maƙogwaro ba su komo ba. Aka yi ta binciken dalili, ko guba ce, ko cuta, ko guguwa a hanya, har a 1974 wasu masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka fitar da hujja cewa musabbabin yana ƙasar Sahel, inda damina ta gaza a 1968. Ashe fārin da ya kai ga babbar yunwar 1973 da 1974, wadda ta ƙarar da shanun Fulani da Buzaye ta watsa gidaje, tun kafin duniya ta ji kukan mutane, ɗan tsuntsun nan ya riga ya kai labarinsa Turai ta hanyar rashin zuwansa. Daga baya yawansa ya ɗan farfaɗo, amma a Ingila har yau bai koma yadda yake kafin wannan shekara ba.

Inda suka rabu da inda suka haɗu

Idan muka jera su biyu, bambancin farko a fili yake. Ɗaya mazauniya ce, duniyarta itace guda, in an sare shi an sare zuriyarta. Ɗaya matafiyi ne, in wannan daji ya ƙi shi sai ya gwada na gaba, amma kuma yana bukatar ƙasashe da yawa su zauna lafiya a lokaci ɗaya, domin in shingen Turai ya tsira, ƙayar Sahel ta ƙone, bai tsira ba. Ɗaya ƙarfinta a cikin jama'a yake, kuma nan ne rauninta, gama hannu ɗaya yana iya ɗebe ɗaruruwa a tashi guda; ɗaya shi kaɗai yake kiwo, fāri ne kawai yake iya share su jimla. Ɗaya ta tufatar da sarakunanmu da malamanmu shekaru aru-aru, muka ci amfaninta da hannunmu. Ɗaya bai taɓa shiga kasuwarmu ba, hidimar da yake yi mana ta cinye ƙwarin itatuwa a ɓoye take.

Amma bambancin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na kulawa. Tsuntsun yana da masu ƙirga shi. Akwai dubban mutane a Turai da suke fita da asuba da littafi a hannu, suna sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, suna rubuta ranar zuwa da ranar tafiya, shi ya sa da ya ragu aka sani a shekarar. Kundin duniya na halittun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 1964, ya auna halin kowane irin tsuntsu da aka sani, wajen iri 11,000. Dangin malam-buɗe-littafi kuwa, na rana da na dare, sun haura iri 150,000, kuma ƙalilan ne ƙwarai daga cikinsu aka taɓa aunawa. Tsutsar tsamiya ta yi ta janyewa daga ƙasar Hausa a hankali, ba wanda ya yi shela, shaidar da ta rage ita ce ta kasuwa: zaren ya yi wuya, ya yi tsada, masu ɗinki suka koma ga na kanti mai ƙyalli, har a ƙasar Yarabawa ma yawancin abin da ake sayarwa da sunan sanyan a yau auduga ce aka rina ta yi kama da shi. Abin da ba a ƙirga ba, ranar da ya ɓace ba a yi masa ta'aziyya.

Inda suka haɗu kuwa shi ne itace. Tsakanin shekarun 1950 da 1980, ƙasar Tasawa da Mayahi ta yi asarar itatuwa mai yawa, saboda faɗaɗa gonakin gyaɗa da gero, da ƙaruwar jama'a, da fāri, da kuma wata doka ta zamanin Faransa wadda ta mai da itace mallakar hukuma, har manomi ya ga gara ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa tara. Ga kuma koyarwar da ta ce gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Aka wayi gari iska tana binne shuka da rairayi sau biyu sau uku a damina guda, mata suna dafa tuwo da kara da kashin shanu. A irin wannan fili babu tsamiyar da tsutsa za ta hau, babu ƙayar da baƙo zai sauka. Feshin maganin fara da aka yi ta yi da jirage a ƙarshen shekarun 1980 ya ƙara nasa, domin guba ba ta tambayar tsutsa ko ta ɓarna ce ko ta alheri.

Sassaben zamani da abin da ya rage

Alhamdu lillahi, labarin bai tsaya nan ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aikin dashen itatuwa a Maraɗi yana ganin yawancinsu suna mutuwa, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tofon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar kuwa, wadda wasu manoma suka riga suka sani tun kaka da kakanni, ita ce a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, a yi ta gyara har su zama itace. Yunwar 1984, wadda mutanen nan suke kira El Buhari, ta sa aka karɓi abin da gaggawa, a shekarar ce kuma aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada a zamanin Seyni Kountché. Sassaben zamani, kamar yadda ake kiran wannan dabara, ya bazu daga gona zuwa gona, garin Ɗan Saga na gundumar Agye, maƙwabciyar Tasawa, ya yi suna a kansa, kuma da masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu a tsakiyar shekarun 2000, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, wajen itace miliyan 200. Dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya raina a gonarsa.

Manomi don kansa ya yi wannan, don itacen girki da harawa da taki da kare shuka daga iska, amma baƙon tsuntsu ya ci albarkacinsa. Wasu masana ƴan ƙasar Holan, Leo Zwarts da Rob Bijlsma da Jan van der Kamp, sun shafe shekaru suna ratsa Sahel daga Sanagal zuwa gabas suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, suka tarar cewa baƙin da suke zuwa daga Turai sun fi taruwa a kan ƴan itatuwa kaɗan, galibinsu masu ƙaya, irin su gawo da kandili da aduwa, saboda ganyensu yana da tsutsa da ƙwari da yawa, alhali bedi, watau dogon yaro, da turare, waɗanda muka cika garuruwanmu da su, kusan babu tsuntsu a kansu. Gawo musamman yana da wata malam-buɗe-littafi ta dare da take rayuwa a kansa, tsutsarta kuwa ita ce abincin baƙi a tsakiyar rani. Ba banza ba ake ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Tsamiya kuwa ba ta sami irin wannan rabo ba. Abin da ya fi tofowa daga kututture a ƙasar nan shi ne sabara da kalgo da gawo da aduwa da magarya. Tsamiya mai jinkirin girma ce, awaki suna cinye tsironta, ƴaƴanta kuma ana kaɗe su kaf a kai kasuwa don kunu, ba a bar na iri ba. Duba tsamiyoyin da suka rage a bakin kasuwanni da tsofaffin kufai daga Maijirgi zuwa Korgom, ko a wajen Kanambakashe: kusan duka tsofaffi ne, ka daɗe kana tafiya ba ka ga matashiya ba. Ranar da waɗannan suka faɗi, ko da tsutsar ta so komowa ba ta da masauki.

Na san manomi zai ce, mu da muke fama da jan-baki yana cinye mana zangarniya, da murzuna tana huda gero, ina mu ina tausayin tsuntsu da tsutsa? Maganarsa tana da hujja, wanda ya kwana a gona yana kaɗa gwangwani shi ya san zafin ɓarna. Sai dai ba a taru aka zama ɗaya ba. Mai farin maƙogwaro ba ya cin hatsi, ƙwari yake ci, kuma yawancin zamansa a nan bayan girbi ne. Tsutsar tsamiya ba ta sauka kan gero. Ita kanta murzuna, masanan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ke Maraɗi sun nuna ana iya karya ta ba da feshi ba, ta hanyar rataya ƴan buhunan da ke ɗauke da wani ƙanƙanen zanzaro mai kashe tsutsarta. Wanda ya san abokin gabansa da suna ba ya ƙone daji don ya kama shi.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul An'am, ya bayyana dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi a matsayin al'ummu kamar mu, kuma ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa ladan sadaka. Abu Dawuda ma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani game da saran magaryar da matafiya da dabbobi suke fakewa a inuwarta ba da wani haƙƙi ba. Ashe wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce da Turawa suka kawo mana, tana cikin littattafan da ke zaurukanmu. Ɗan Adam halifa ne a bayan ƙasa, halifa kuwa mai riƙon amana ne, za a tambaye shi.

Saboda haka ina roƙon ƴan'uwana manoman Tasawa da Mayahi, waɗanda suka riga suka nuna wa duniya abin da adda da haƙuri suke iya yi, su ƙara abu uku a kan aikinsu. In bazara ta zo kuna sassabe, ku bar ƙaya tare da mai inuwa, kada a ce aduwa da kandili ba su da amfani. Duk mai gona ya rainar wa jikokinsa tsamiya ko da guda ɗaya ce, ya kewaye ta da ƙaya har ta fi ƙarfin akuya. Wanda kuma Allah ya nufa ya tsinci gidan tsutsar tsamiya, ya yi haƙuri har ruwa ya sauka masu fukafukai su fita su yi ƙwai, sa'an nan ya ɗauka, domin zaren kaɗa shi ake yi, gidan da aka fita daga cikinsa yana ba da zare kamar wanda aka dafa da rai a ciki. Malaman makaranta kuma su koya wa yara rubuta ranar da suka fara ganin baƙon tsuntsu da ranar da ya tafi, da itacen da suka ga tsutsa a kai, don mu ma mu zama masu ƙirga abin da Allah ya ba mu. Wanda ya dasa tsamiya yau da wuya ya sa rigar da za a yi wa aiki da zarenta, amma kakana ma ba shi ya dasa wadda ta tufatar da shi ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.